TARIHIN AWON BATIRIN ƘANANAN JIRAGE: YADDA JIRGI YA KOYI SANIN LOKACIN KOMAWA GIDA

Yau ba saitin waya za mu yi ba, tarihi za mu taɓa. Amma tarihi ne da ya shafi wannan 'yar lambar da ke saman fuskar wayarka, wadda kake leƙawa ba adadi a rana, mai nuna maka saura kashi nawa a batir.

Idan wayarka tana nuna kashi 30 ta ɗauke ɗif, iyakaci ka yi tsaki ka nemi caja. To ƙaramin jirgin da ake sarrafawa da rimot fa, wanda ke can sama? Shi idan lambar nan ta yi ƙarya ƙasa zai zo, da kyamararsa da kuɗin mai shi, wataƙila ma a kan rufin wani ko a kan mutane. Shi ya sa masu wannan harka suka shafe sama da shekara 80 suna bin amsar tambaya guda: wutar da ta rage za ta isa jirgin nan ya dawo gida?

KALMOMI UKU KAFIN MU SHIGA

Ɗauki batir kamar tankin ruwa na saman gida. Ƙarfin da ruwa ke fitowa da shi a famfo, shi ne boltej, ana auna shi da bolt, wato wannan V da kake gani a jikin batir. Sunan ya samo asali daga Alessandro Volta, ɗan Italiya da ya haɗa batir na farko a 1800. Yawan ruwan da ke gudu a cikin bututu kuma shi ne amfiya. Girman tankin kansa shi ne mAh, irin 5000mAh da ake rubutawa a kwalin waya.

Matsalar ita ce wannan tanki ba shi da murfin da za ka buɗe ka leƙa. Sai dai ka auna ƙarfin famfo, ka yi hasashen inda ruwa ya tsaya. Kuma kowa ya sani, idan aka buɗe famfo huɗu lokaci ɗaya ƙarfin ruwa zai ragu ko da tankin a cike yake. Riƙe wannan misalin, domin duk tarihin nan a kansa yake tafiya.

ZAMANIN DA INJIN KE SHAN MAI

A ƙarshen shekarun 1930 wasu tagwaye 'yan Amurka, Walter Good da William Good, suka ƙera jirgin da suka sa wa suna Guff, ɗaya daga cikin jiragen rimot na farko da suka tashi da kyau. Yanzu haka yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian. Injinsa mai yake sha, rediyon cikinsa kuma irin ta da ce, mai kwalaben gilashi, wadda ke aiki da busassun batura masu nauyi. A wancan lokacin babu wani awo da ake yi a sama. Ka sa sabon batir, ka gwada a ƙasa, ka saki jirgi.

Daga shekarun 1960 tiransisto ya maye gurbin kwalabe, batir mai caji na NiCd ya zama ruwan dare. Shi wannan batir wani ɗan Suwidin, Waldemar Jungner, ya ƙirƙiro shi tun 1899. Akan haɗa ƙwaya huɗu, kowace bolt 1.2, su ba da bolt 4.8. Aikinsu su ba risiba wuta, da ƙananan injinan da ke motsa fiffike da jela, waɗanda ake kira sarbo.

Ka lura da haɗarin da ke nan. Injin yana da mansa daban. Idan batirin risiba ya mutu, injin zai ci gaba da ruri, jirgi na gudu, amma ya daina jin maganar mai rimot. Ko ya kifa ƙasa da cikakken gudu, ko ya miƙe ya ɓace.

Ga kuma halin NiCd. Kusan duk tsawon aikinsa yana nan a wajen bolt 1.2, ba ya nuna gajiya, sai dab da ƙarshe ya zube lokaci guda. Idan ka sa masa mita ta gama-gari mai allura, da mai rabin caji da wanda ya kusa ƙarewa kusan wuri ɗaya allurar za ta tsaya. Sai aka fito da wata mita ta musamman da ake kira ESV. Dabara biyu ce a cikinta. Ta farko, ba ta farawa daga sifili, ɗan yankin da ke da amfani kawai take nunawa, ta baje shi a duk faɗin fuskarta, yadda ƙaramin bambanci zai fito fili. Ta biyu, tana ɗora wa batirin ɗan nauyi lokacin awo, kwatankwacin abin da zai ɗauka a sama.

Wannan dabara ta biyu ita ce darasi na farko a tarihin nan: batirin da ke hutawa ba ya faɗin gaskiya, sai ka sa shi aiki. Duk mai gyaran waya ya san haka. Za ka sa mita a tsohon batir ya nuna maka bolt 3.9 lafiya lau, kana danna maɓallin kunnawa ya zube.

DA BATIR YA ZAMA SHI NE MAN

A 1957 wani Kanal H. J. Taplin a Ingila ya tashi jirgin rimot da injin lantarki. A Jamus Fred Militky ya yi ta aiki a kan ƙananan jirage masu lantarki tare da kamfanin Graupner, a Amurka kuma 'yan uwa biyu, Bob da Roland Boucher, suka kafa AstroFlight. Sannu a hankali batir ya tashi daga mai ba rediyo wuta kawai, ya koma shi ne man jirgin baki ɗaya.

Ɗaukar batir biyu nauyi ne, don haka aka ƙirƙiro da'irar da ake kira BEC, mai ɗibar wuta daga babban batir ta rage ta zuwa wajen bolt 5 don risiba da sarbo. Nauyi ya ragu, amma yanzu injin da risiba a kwano ɗaya suke ci, kuma injin ne mai babbar loma. Idan aka ƙyale shi zai shanye komai.

Maganin da aka samo yana da ban sha'awa. Na'urar da ke ba injin wuta, wato ESC, aka koya mata ta riƙa duba boltej. Da zarar ya sauka zuwa wani mataki sai ta yanke wa injin wuta, ta bar ragowar ga risiba da sarbo. Farfela ta tsaya, amma fiffike na nan, mai rimot zai iya lallaɓo jirgin ya sulalo ƙasa kamar shirwa. Nan ne wata na'ura a cikin jirgi ta fara yanke hukunci da kanta saboda abin da ta auna a batir.

Shi kuwa matuƙin da ke ƙasa har lokacin bai san komai ba. Agogo yake saitawa a rimot, minti kaza ya sauko. Agogo kuma bai san yau akwai iska ba, bai san batirin ya tsufa ba.

ZUWAN LITIYAM

A 1991 kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam mai caji, wanda daga baya ya mamaye wayoyi da kwamfutocin hannu. Mutum uku da suka yi aikin da ya haifar da shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami kyautar Nobel a 2019. A farkon shekarun 2000 wani nau'insa mai jakar leda, LiPo, ya shigo harkar jiragen rimot. Ba nauyi, ga ƙarfi. Ba don shi ba da jirage masu farfela huɗu da ake ɗaukar bidiyon biki da su ba su yaɗu haka ba.

Amma LiPo ba ya yafiya. Ƙwaya ɗaya tana cika a bolt 4.2, ana rubuta mata 3.7 a jiki, kuma idan ta sauka ƙasa da 3.0 ta fara lalacewa. Idan aka cusa mata caji fiye da kima tana iya kumbura, har ta kama da wuta. Ana jera ƙwayoyin ne a bi da bi: 3S na nufin ƙwaya uku, cikarsa bolt 12.6, 4S cikarsa 16.8, 6S kuma 25.2.

Abin da ya fi wahala shi ne tsakiyar tafiyarsa. Ƙwayar da ke hutawa a bolt 3.8 da ɗan ɗoriya tana wajen rabi. Wadda ke wajen 3.7 kuwa kashi 20 ya rage mata, ko ma ƙasa da haka. Ka ga tazarar bolt 0.1 kacal ce tsakanin "ci gaba da yawo" da "maza ka sauko". Daga nan ƙasa gangara ce, ba ta jira.

Wata matsalar kuma, jimillar boltej tana ɓoye mara lafiya. A batir mai ƙwaya uku, biyu na iya zama 3.8, ɗaya tana 3.2, jimilla 10.8, lambar da ba za ta tayar maka da hankali sosai ba. Amma waccan ta ukun ta riga ta kai baki. Shi ya sa aka fito da ƙaramar farar fulogi mai siraran wayoyi, wadda ke ba da damar auna kowace ƙwaya ita kaɗai. A jikinta ake maƙala wata 'yar na'ura mai arha da ke ihu idan wata ƙwaya ta sauka, galibi a bolt 3.3. Tana da amfani, amma sai jirgin na kusa za ka ji ta.

Wajen 2009 zuwa 2010 kamfanoni irin su Hitec da FrSky suka fito da rimot mai magana ta hanya biyu. Da can umarni ne kawai ke hawa sama, yanzu rahoto ma yana saukowa. Matuƙi ya fara ganin boltej a fuskar rimot ɗinsa jirgi na sama.

SHIGOWAR OTOFAILOT

Otofailot ita ce ƙwaƙwalwar da ke tuƙa jirgi da kanta. A manyan jirage ta tsufa, tun 1914 Lawrence Sperry ya nuna tasa a birnin Paris. A ƙanana kuwa sai da GPS da kayan lantarki suka yi arha.

A watan Agusta na 2003 wani dattijo ɗan Amurka, Maynard Hill, mai shekara 77 wanda idonsa ya kusa tafiya, shi da abokan aikinsa suka saki wani jirgi mai suna TAM 5 daga gaɓar Kanada. Nauyinsa bai wuce kilo 5 ba. Ya ƙetare Tekun Atlantika da kansa, tafiyar kusan kilomita 3,000, ya isa Ayilan bayan kusan awa 39. Mai yake sha, amma otofailot da GPS da na'urar aika rahoto duk wuta suke so, don haka aka haɗa wa injin ƙaramin janareto. Wannan tafiya ta nuna abin da ke tafe: jirgi zai riƙa zuwa inda ido ba ya kaiwa, kunne ba ya jin ihun ƙararrawa. Dole shi da kansa ya san halin wutarsa.

A wannan shekarar aka fara aikin Paparazzi a makarantar koyon harkar jiragen sama ta ENAC da ke Faransa, manhajar otofailot da kowa zai iya ɗauka kyauta. A 2007 Chris Anderson, editan mujallar Wired, ya haɗa otofailot da kayan wasan yara na Lego, ya kuma kafa dandalin DIY Drones. A nan ya haɗu da Jordi Muñoz, wani matashi ɗan Meziko mai shekara 20 da 'yan kai, wanda ba shi da digiri. Shi wannan yaro ya farke rimot ɗin wasan Nintendo Wii ya ciro na'urar jin motsi, ya haɗa ta da allon Arduino. Har tandar gasa burodi ya mayar abin narka dalma don haɗa alluna. 'Yan uwa masu gyara, kun ji fa. A 2009 suka kafa kamfanin 3D Robotics, allon ArduPilot ya fito kasuwa.

To yaya wannan allo yake auna batir? Ayisin da ke kan allunan APM na lokacin ba ya karɓar sama da bolt 5 a ƙafarsa. Ka ba shi 12.6 kai tsaye, ya ƙone. Sai a jera rizisto biyu, babba da ƙarami, a ɗauki awo daga tsakaninsu. Hakan yana rage boltej da wani adadi sananne. Idan ragin ninki 10.1 ne, bolt 12.6 zai iso wa ayisi a matsayin 1.25, manhaja kuma ta sake ninkawa da 10.1 ta dawo da lambar asali.

Shi ayisin yana raba bolt 5 ɗin nan gida 1,024, kowane gida wajen bolt 0.005. Idan ka ninka da 10.1, mafi ƙanƙantar bambancin da zai iya gani a batir ya kai wajen bolt 0.05. Ga shi kuma rizisto ba ya zuwa daidai cif da abin da aka rubuta masa. Kuskuren bolt 0.3 a batir mai ƙwaya uku, 0.1 ke nan a kowace ƙwaya, kuma mun riga mun ga abin da 0.1 ke nufi. Saboda haka tun farkon lamarin aka sa wa masu amfani doka: auna batirinka da mita mai kyau, ka shigar da lambar a manhaja, ta gyara lissafinta. A ArduPilot ta yau sunan wannan saiti BATT_VOLT_MULT.

DA BOLTEJ YA KASA, AKA KOMA ƘIRGA

Mu koma kan famfo huɗu. Kowane batir yana da turjiya a cikinsa, wadda ke cin wani ɓangare na boltej idan ana jan wuta. Mu ƙaddara kowace ƙwaya tana da turjiyar om 0.01, uku sun zama 0.03. Jirgi ya taka wuta zai hau sama, ya ja amfiya 30. Ninka 30 da 0.03, ka sami bolt 0.9 da suka ɓace nan take. Batirin da ke 11.4 yana hutawa sai ya nuna 10.5. Ka sassauta wuta, ya koma sama kamar ba abin da ya faru. Tsufa da sanyi kuma duk suna ƙara wannan turjiya.

Wace lamba otofailot za ta yarda da ita? Idan ta bi ta ƙasa, za ta riƙa dawo da jirgi alhali da sauran wuta. Idan ta bi ta sama, wata rana za ta makara.

Sai aka ce to, tunda ba a iya leƙa tanki, a sa mita a bakin bututu a riƙa ƙirga abin da ya fita, kamar mitar wuta ta kati. Ana sa wani rizisto mai ƙanƙantar turjiya a kan hanyar wutar, a auna ɗan boltej ɗin da ke faɗuwa a kansa, daga nan a gane amfiya nawa ke wucewa. Manhaja tana tara wannan daƙiƙa bayan daƙiƙa, ta ce an sha mAh kaza. Na'urar AttoPilot, wadda ta zo a girma uku, amfiya 45 da 90 da 180, ta yi suna a wannan aiki. A zamanin allon APM 2.5 na 2012 kamfanin 3D Robotics ya haɗe komai a 'yar na'ura guda: tana auna boltej, tana auna amfiya, tana kuma ba otofailot tsayayyar wuta ta bolt 5.3. Da Pixhawk ya fito a 2013 shi ma da irin wannan tsari ya zo. Daga baya aka sami masu auna amfiya ta hanyar maganaɗisu, da masu ayisi irin INA226 da ke aiko da lamba a shirye.

Lissafin ya zama mai sauƙi. Batir mai 2200mAh, masu harkar sukan ce kada ka sha fiye da kashi 80, wato 1760mAh. Idan jirgi na jan amfiya 10, kana da minti 10 da rabi.

Duk waɗannan lambobi suna saukowa ƙasa ta wani yare da ake kira MAVLink, wanda Lorenz Meier ya fitar a 2009 yana ɗalibi a jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizalan. Da shi manhajoji irin su Mission Planner da QGroundControl ke nuna maka batir a kwamfuta ko a wayar Android.

Sai dai ƙirga ma tana da nata makafin wurin. Ita ta ɗauka tankin a cike yake lokacin da aka tashi, kuma girmansa shi ne wanda ka rubuta mata. Ka sa batir mai rabin caji, ko tsohon da ake ce wa 2200 alhali 1500 yake riƙewa, za ta ci gaba da ba ka labari mai daɗi har jirgi ya faɗo. A nan boltej ne zai tona asiri. Shi ya sa aka tsaya a kan amfani da su biyun, kowane yana gadin ɗan uwansa.

HUKUNCI YA KOMA HANNUN JIRGI

Da awo ya samu, sai aka ba otofailot ikon ɗaukar mataki. A ArduPilot akwai matakai biyu. Na farko idan batir ya yi ƙasa, BATT_LOW_VOLT ko BATT_LOW_MAH, akasari a sa jirgi ya juyo gida. Na biyu idan abin ya yi tsanani, BATT_CRT_VOLT, a sa shi ya sauka duk inda yake. Don kada faɗuwar ɗan lokaci ta ruɗe ta, sai boltej ya zauna a ƙasa na daƙiƙa 10 kafin ta motsa. Akwai ma saitin da ke sa ta ƙiyasta turjiyar batirin, ta lissafa boltej ɗin da zai nuna da a ce hutawa yake. Akwai kuma BATT_ARM_VOLT, mai hana injin tashi sam idan batir bai kai ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A nan jirgi mai fiffike da mai farfela huɗu suka raba hanya. Mai fiffike idan injinsa ya tsaya yana sulalowa. Mai farfela huɗu kuwa faɗowa yake kamar dutse. Don haka waccan tsohuwar dabara ta ESC ta yanke wa injin wuta, wadda ta ceci jirage da yawa a da, a wannan jirgin ita ce ajalinsa. Akan kashe ta, a bar otofailot ta yanke hukunci. Gara a yi asarar batir da a yi asarar jirgi.

Sannan nisa da iska. A ce jirginka na gudun kilomita 50 a awa, iskar hunturu na kaɗawa da kilomita 20. Idan ka bi bayanta kana tafiya da 70, kilomita 7 minti 6 ne kawai. Dawowa kuwa da 30 za ka taho, minti 14. Wanda ya ce zai juyo idan batir ya kai rabi, a jeji zai je neman jirginsa. Kashi nawa ya rage ba shi kaɗai ne abin dubawa ba, sai an haɗa da nawa hanyar gida za ta ci.

BATIR MAI ƘWAƘWALWA

Mataki na gaba shi ne a sa ma'aunin a cikin batirin kansa. Kwamfutocin hannu ne suka fara, da tsarin da Duracell da Intel suka fitar a tsakiyar shekarun 1990. Jirgin Phantom na farko da DJI ya fitar a farkon 2013 da LiPo na gama-gari ya zo, fitila ce ke ƙifta ja idan wuta ta yi ƙasa. Phantom 2 kuwa, a ƙarshen wannan shekarar, batirinsa na da nasa ayisi da fitilu huɗu. Irin wannan batir ya san kowace ƙwayarsa, ya san sau nawa aka yi masa caji. Jiragen da suka biyo baya har lissafa nisan gida suke yi, su ce maka lokacin juyowa ya yi.

Wayarka ma haka take. Akwai ayisin da ke haɗa boltej da ƙirgar amfiya da zafi, ya fitar da wannan kashi da kake gani. Ƙiyasi ne. Idan batir ya tsufa turjiyarsa ta ƙaru, ka buɗe kyamara ko gem mai nauyi, boltej ya zube ƙasa da abin da waya ke iya aiki da shi, sai ta mutu tana nuna 30. A Disambar 2017 kamfanin Apple ya tabbatar da cewa yana rage gudun wasu iPhone masu tsohon batir don kauce wa wannan mutuwa, a 2018 kuma ya ƙara wurin duba lafiyar batir a iOS 11.3.

Abin har wata duniyar ya kai. Ƙaramin helikwaftan NASA mai suna Ingenuity, wanda ya fara tashi a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilu 2021, ƙwayoyin litiyam shida na Sony ne a cikinsa, ƙwaƙwalwarsa kuma Snapdragon 801, irin ta wayar Galaxy S5. A watan Mayun 2022 ƙura da sanyi suka hana shi samun isasshen caji daga rana, wuta ta yi ƙasa cikin dare, agogonsa ya rikice, aka neme shi aka rasa na ɗan lokaci kafin a sake jin ɗuriyarsa. Nan kusa da mu kuma, jiragen Zipline masu kai jini da magunguna, da suka fara a Ruwanda a 2016, Ghana a 2019, jihar Kaduna a 2022, da batir suke tashi, su kai saƙo su dawo da kansu. A irin wannan aiki, sanin ko wuta za ta isa ya wuce maganar kuɗin jirgi.

GA MAI SHIRIN SHIGA HARKAR

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin tashin farko, auna batir da mitarka ka kwatanta da abin da manhaja ke nunawa, ka daidaita. Bayan ka sauko, duba mAh nawa otofailot ta ce an sha, sannan ka duba nawa caja ta mayar. Idan otofailot ta ce 1500, caja ta mayar da 1800, ƙirgarka tana ragi. Raba 1800 da 1500, ka sami 1.2, ka ninka lambar BATT_AMP_PERVLT da shi. Idan 17 ce, ta koma 20.4.

Rubuta ainihin abin da batirin ke riƙewa a BATT_CAPACITY, ba abin da ke jikin leda ba. Duba ƙwaya-ƙwaya kafin tashi da bayan sauka. Idan za ka ajiye batir kwanaki, bar shi wajen bolt 3.8 kowace ƙwaya, kuma kada ka bar shi a mota cikin rana. Wanda ya kumbura kuwa, na jirgi ne ko na waya, aikinsa ya ƙare, kada a huda shi, kada a sake yi masa caji.

Daga mitar allura ta zamanin NiCd zuwa batir mai ayisi, har yau ba wanda ya leƙa cikin tankin nan. Ƙiyasin ne ya yi ta kyautatuwa, kuma yana yin daidai ne gwargwadon gaskiyar lambobin da ka ba shi.

Wanda wayarsa ke mutuwa da sauran caji, ya faɗa mana a kashi nawa take ɗaukewa da kuma abin da yake yi da ita a lokacin. Daga nan za mu ɗora a darasi na gaba, kan yadda ake gane batirin da ya gaji. Mu kwana nan.